Harafin da Ya Fice

Kwamfutar 'yar gwanjo ce, a Kasuwar Barci na saye ta,
maɓallin "R" ya fice kamar haƙorin yaro,
fankarta na gurnani da zarar na buɗe bidiyo.
A kusurwar allo wani rubutu ya kafe:
a biya kuɗin lasisi.
Safe da yamma, kamar mai bin bashi
da ya san ƙofar gidanmu.

Na kai ta shagon Sagiru a Tudun Wada,
ƙarƙashin bene, inda janareto ke tari.
Ya ce, "Ladidi, akwai babbar manhajar da ba a saye,
ɗinkinta a fili yake,
kowa na iya farkewa ya sake ɗinkawa."
Na ce, "Kyauta? A garin nan? Araha fa ba ta ado."

Ai kuwa kamar na zuba wa kaji tsaba.
Barau ya ce Arch, wai sai abin da hannunka ya gina,
alhali kwanansa uku bai ga ko linzami a allonsa ba.
Yohanna ya ce Ubuntu, Ɗantala ya ce Fedora,
musu ya kaure har shayi ya huce.
Ba wanda ya tambaye ni me zan yi da ita.

Bidiyon yaye 'yan koyon ɗinki ne na Barnawa,
Asabar za a karɓa, na riga na ci rabin kuɗin.
Da dare kuma ina lallaɓa Python,
layi biyu, kuskure uku.

Sagiru ya miƙo filas ɗaure da zaren ƙyalle.
"Mint ce. Kada ki girka tukuna.
Ki ɗanɗana miyar kafin ki tuƙa tuwo."

Ƙarfe ɗaya na dare aka kawo wuta.
Na soka filas, na riƙe numfashi.
Sauti ya fito. Intanet ta kama.
Ƙ da ɗ da ɓ suka zo da ƙugiyoyinsu
bayan ɗan lalube.
Kdenlive ta ɗauki Talatu tana karɓar keken ɗinki,
ta sheƙe sau ɗaya, na yi salati,
na sake buɗewa, aikin na nan.

Baƙar tagar nan ce ta ba ni tsoro.
Ta nemi kalmar sirri, na buga, ba ta nuna komai ba,
har na fara zagin mai gwanjo.
Ashe kawaici ne irin nata.

Kafin kiran assalatu daga masallacin layinmu
na shafe tsohon gida, na tare a sabo.
Mai bin bashi bai biyo ni ba.
Umarnin farko da zan rubuta yana buƙatar "R",
na sa farce cikin gurbin,
na danna 'yar robar da ta rage.
Allo ya ce: sannu.