Littafin Bashin Baba Barnaba

Ni mai faci ne a Ƙofar Ƙaura,
gindin dalbejiya, gefen kwalta.
Kwanon ruwa ɗaya, famfo, da gam,
sai hannun da baƙin taya ya rina,
wanda sabulu bai taɓa iya masa ba.

Shekarar da ciwo ya kwantar da Rahila
na je shagon Baba Barnaba da buhu a hammata.
Tiya goma sha huɗu ta gero,
manja kwalba biyu, sukari, ashana.
Ya jawo littafi, ya rubuta.
Na ce, "Ƙarshen wata, Baba."
Ya ce, "Gai da mai jiki."
Bai ko ɗago kai ya dube ni ba.

Wata ya mutu, wani ya tsaya,
damina ta wuce, ta sake dawowa.
Rahila ta miƙe har tana daka,
ni na kwanta ciwon kunya.
Shagon nan taku ɗari ne daga gida,
sai ƙafata ta koyi zagaye ta bayan makaranta,
alhali kowa bai kore ta ba.

Ran Lahadi shi ke zama a ƙofar majami'a
yana miƙa wa yara hannu,
don haka na bar wa Rahila sujada.
In ƙararrawa ta kaɗa
sai in ƙara wa famfo ƙarfi.
Ya Ubangiji, har kai na sa cikin masu bi na bashi,
in na durƙusa lissafi nake yi, ba addu'a ba.

Sai ga Keziya, autarsa, wata Talata,
kwana tara da kai shi makwanci,
riƙe da littafin, bangonsa ya sha maiƙo.
Cikina ya ɗuri ruwa.
Na fara, "Ki yi haƙuri, kasuwa ce..."
Ta ce, "Kawu Filibus, duba nan."
Ga sunana, ga gerona, ga ashanata,
an ja layi a kai, an ɗiga ɗan gicciye,
an rubuta: An biya.
Kwanan watan na ranar da na ɗauka ne,
tawada ɗaya, hannun bai ko huta ba.

Shekara biyu ina zagaye
kan bashin da ya mutu kafin in sauke buhu.
Haushi ya taso mini. Na ce, "Me ya hana shi faɗa?"
Ta ce, "Sau uku yana aiko yaro."
Na tuna. Ina tsugune bayan tulin taya,
na sa a ce masa ban fito ba.

Ya Yesu, sau nawa ka aiko?
Ta bakin Rahila da asuba,
ta bakin ƙararrawar da na danne da famfo.
Na zaci sammaci ne,
ashe rasit ka riƙo mini,
da hannun da ƙusa ta huda,
kana tsaye a rana, ba ka gaji ba.

Yanzu in na tsoma tuf cikin kwano
ina kallon inda kumfa ke tasowa,
sai in ce, haka ka san hujina,
ka sa yatsa a kai ba don tonon asiri ba.
Iskar nan kuma da ba a gani,
ita ke ɗauke da kura da jarka goma,
ta hau gangaren Ƙofar Kwaya
mai turawa bai ko gode mata ba.

Jiya na bi ta layin shagon.
An kulle, akuya na kwance a dakali.
Na tsaya, na cire hula.
Ƙafar hagu ta ɗan ja ni wajen tsohuwar hanya,
don har yau ba ta gama yarda ba.