Littafin Tumba

Ran da na buɗe adakarki, Tumba,
ba zinariya na tarar ba,
wani ɗan littafi ne mai bangon leda,
gefensa duk manja ya ci.

Shekara talatin ina koyar da lissafi a Mafara,
ina fama da alli da allo,
ashe malamar tana gida bakin murhu,
ni kuwa nawa in wanke hannu in ci.

Shafin farko: "Ran Talata kar a je da hantsi.
Bari la'asar ta yi sakaliya,
mai tumatir ya gaji da kiran jama'a,
ya fara tunanin nauyin kwando da kuɗin mota,
sannan ne kaya ke sauƙi."

Na gwada. Na iske Nomau
yana ɗaure bakin buhu.
Na taya rabi, na ba shi baya kamar yadda kika ce.
Taku uku, sai na ji, "Malam, dawo, kawo."
Ni da furfurata, har da tsalle a zuci.

"Gero a saya ana sussuka.
A zuba barkono a buhu, ƙwaro ba ya son yaji.
Kuɓewa a yanka a shanya,
kauɗar tumatir ta hau rufin ɗaki.
Abin da rana ta busar kyauta
shi bazara ke sayarwa kamar magani."

Wake ya kwana a ruwa, itace ya huta.
In tuwo ya nuna a zare icen a yayyafa,
gawayinsa ne zai goge rigar Juma'a.
Guntayen sabulu a tara a tsohuwar safa,
su ma suna da sauran aiki.

Sai na zo kan babbar rigata,
wadda abokai ke tambayar inda na samo.
Sallah huɗu ashe riga ɗaya ce!
Jaɓɓi tela ya juya mata wuya,
marina ta sake mata shuɗi.
Da ta gaji ta zama wandon Sahabi,
da wandon ya gaji ya koma tsumman sauke tukunya.
Yana nan rataye. Ban iya yar da shi.

Sau nawa na ce miki marowaciya?
Kina kashe ƙwan lantarki ina tsakar karatu,
ki ce, "Farin wata bai kawo takardar biya ba."
In yi tsaki, ki yi dariya,
ki ce da yayyafi ake cika kogi.

Shafin ƙarshe ne ya zaunar da ni.
Layi biyu kika ja da jan biro.
Na dama: "Na Malam."
Wata takwas da fansho ya maƙale,
maganin idona, kuɗin makarantar Sahabi,
da na ɗauka yayanki ne ya aiko daga Gusau,
ashe tumatirin la'asar ne da guntun sabulu.
Na hagu: "Tiya ɗaya duk wata, gidan Ige.
A kai bayan isha'i, kar kowa ya ji."

Na rufe littafin, na buɗe, na rufe.

Jiya bayan isha'i na kai tiyar.
Ige ta leƙo, ta dube ni, ta dubi kwanon,
ba wanda ya ce komai a cikinmu.
Na dawo a duhu, ban kunna fitila ba,
wata ya raka ni har bakin ɗaki.

Yanzu rubutuna ne a ƙarƙashin naki,
nawa ya fi kyau, naki ya fi gaskiya.
Yau kam na yi ɓarna, Tumba:
busasshen kifi na gani, irin wanda kike so,
ban taya ba, ban juya baya ba, na biya.
Na rubuta shi yadda yake,
na bar fili a gefe
inda za ki yi mini faɗa, in kin gani.