Malam-Buɗe-Littafi a Wuyan Ladan

Shekara talatin da ɗaya ina tada Kwalam da asuba,
tun ba a sayo lasifika ba,
tun ana hawa matakalar ƙasa a toshe kunne da yatsa.
Bana muryar ta fara zame mini.
In na kai tsakiyar kira sai ta tsinke
kamar igiyar gugar da ta tsufa a bakin rijiya.

Gambo ce ta fara gani.
Ina shan koko ta ce, Malam, sake haɗiya.
Na haɗiya. Abin ya hau, ya sauko,
goro guda a ɓoye ƙarƙashin fata.
Daga nan maɓallin wuyan rigata ya ƙi gidansa,
na koma naɗa rawani har haɓa ko ba Juma'a ba.

Wasu suka ce maƙoƙo, wasu suka ce baki ne.
Wanzami ya ce ƙaho biyu sun isa.
Na shafa man shanu da kanwa wata guda cur,
har jikana Mudassir ya gaji,
ya ce, Baba, hau babur, Ringim muka yi.

Ɗakin ba fitila, an saki labule.
Mai na'urar, Zulai, sa'ar autata ce.
Ta tura matashi ƙarƙashin kafaɗuna,
ta ce in kalli rufi.
Ni da ban taɓa miƙa wuya ga kowa ba sai Mai Sama,
yau ga ni, na miƙa wa yarinya.
Ta matsa wani mai, yauƙinsa na kuɓewa,
sanyinsa na ruwan randa.

Na ce, ina hasken da zai ratsa ni?
Ta ce, ba haske ba ne, sauti ne,
ya yi siririn da kunne ba ya kama shi.
Yana shiga, ya bugi nama, ya dawo da labari,
kamar ka leƙa rijiya ka yi magana
ka ji ko da ruwa a ƙasa.

Na yi shiru.
Ni da kira ne sana'ata,
yau an kira cikin wuyana ban ji komai ba,
kuma naman ya amsa
da saurin da mutanen unguwarmu ba su taɓa yi ba.

Ta juyo mini allon. Toka-toka, kamar hadarin da bai yanke shawara ba.
Ga maƙogwaro a tsakiya, in ji ta,
ga fiffike nan, ga fiffike can,
kamar malam-buɗe-littafi.
Dariya ta ƙwace mini, hoton ya girgiza.
Ashe shekara sittin da bakwai
da littafi a buɗe a wuyana ban karanta ba.

A shafin dama akwai ɗigon baƙi,
tawada ta ɗiga.
Ta kafa masa alama biyu, ta auna,
santimita biyu da 'yan kai.
Gefensa wata jijiya tana bugawa, ba ruwanta da mu.
Na ce, mugu ne?
Ta ce, da ruwa a ciki, gefensa kuma sumul,
amma likita ne zai faɗa,
sai an ɗebi jini, wataƙila a sa allura a tsotso kaɗan.
Ba ta yi mini alkawari ba. Na ji daɗin haka.

Magariba ta riske mu a hanya.
Wani yaro yana kira a masallacin langa-langa,
yana gaggawa, yana haɗiye harafi.
Da a da ne, da na gyara masa.

Mako biyu suka ce.
Takardar tana aljihu tare da carbi.
Da asuba na tsaya inda na saba,
na ɗaga hannu zan kai kunne,
sai ya tsaya a wuya,
a kan fiffiken dama.
Na ja numfashi, na fara a hankali.