Tabo Ba Ya Ɗaukar Hatimi

A majemar Birni nake jiƙa fata.
Hannun da ya riƙe bindigar toka
yau bagaruwa yake daka.

Mu goma sha ɗaya muka fita ta bayan duwatsu,
ba kaki, ba lamba,
sai laya da ƙullin gumba.
Mati ya faɗi a bakin rijiya.
Na rufe shi da rigata,
na kawo wa uwarsa takalmi ɗaya.

Jiya na je biro.
Yaron ya leƙa kundi, ya ce,
"Baba Tankari, ina shaida?"
Na buɗe masa kafaɗa.
Ya ce tabo ba ya ɗaukar hatimi.

Na komo, fata na jira.
Tutar lakwal na ta kaɗawa, ba ta san ni ba.
Ni kuwa na san nawa aka saye ta.