Zoɓo a Kantin Hull

Ƙarfe ukun dare a Hull, ina jera kaya a kanta,
hannuna ya faɗa kan wani ɗan jan kwali.
Zoɓo ne. Ƙulli ashirin, fam huɗu da ɗoriya.

Na buga lissafi a tafin hannu,
lissafin ya kai ni gonar Ɗantani a Maigatari,
inda Yaya Tabawa ke ɓarar soɓorodo tun hantsi
har ƙaiƙayi ya cinye mata yatsu,
jan zoɓo da jan jini ba mai rabewa.
Ladan yini bai cika tiyar gero ba;
in ta sayi gishiri, sabulu sai wata kasuwar.

Kwalin nan guda, kwana uku ne na bayanta a duƙe.
An zana wata mata a jikinsa tana dariya,
haƙora reras. Ba Tabawa ba ce.

Mai duba mu ya yi gyaran murya.
Na jera sha biyu, fuska waje, yadda aka koya mini.

Juma'a zan tura mata abin da kuɗin haya ya rage.
Za ta ce Allah ya yi wa Turai albarka.
Zan ce amin.