Ƙidayar Magariba a Buckfastleigh

Tamsin ta danƙa min ɗan ƙarfen ƙirga,
ta ce, tsaya nan, kar ki kunna fitila.
Yuni ne. Tara ta gota, rana na ta jan ƙafa
kamar baƙon da ya ji ƙamshin miya.

Na jingina da wata tsohuwar bishiya,
sai na ji abu a bayana, laɓuɓu, mai sanyi.
Kore ne, da ramuka kamar huhun rago ranar layya.
Na laluba bakina, ban sami sunansa ba.
Gansakuka? Ta ce rabinsa ke nan.
Ɗaya rabin dangin naman kaza ne:
wannan ya gina ɗaki, waccan na girki da hasken rana,
amma a rajistar malamai
sunan mai ɗakin kaɗai aka rubuta.
Na yi dariyar da ba ta gane ba.

Sai ga na farko, ƙas.
Jemage mai hanci kamar kofaton doki,
wanda muka daɗe muna yi wa gori:
tsuntsaye sun ce ga haƙori, dabbobi sun ce ga fiffike.
Nan an raba gardama tuntuni.
Yana haihuwa, yana ba da nono,
layinmu ɗaya da shi da saniya.
Ƙas. Ƙas-ƙas. Babban yatsana ya soma tsami.

Shi kogo yake so, da shinge mai duhu,
da buzuzun da ke juya kashin shanu.
Saboda shi aka sa wa kogo ƙyauren ƙarfe,
aka roƙi manomi ya rage maganin tsutsa.
Taɓa shi, ka ga takardar kotu.

Huhun bishiya kuwa, iska mai tsabta kawai ya roƙa,
da ɓawon da ya girmi kakan kowa.
Shekara guda, tsawon farce bai ƙara ba.
Ga shi bishiyar na ciwo, kanta ya soma sanƙo.
Tamsin ta ce da kaka za ta zo da wuƙa da raga
ta ɗauke shi, ta ɗaura wa wata,
in ya yarda.
Wanda ba shi da fiffike, ƙaurarsa a hannun wani take.

Duhu ya rufe. Muka haɗa lissafi.
Nata ɗari huɗu da sha biyu,
nawa da tara.
Ukun nan sun wuce ne
sa'ad da na waiwaya ina duban
wanda ba a aiko ni in ƙirga ba.