Tocilar Ladan

Daren Talata aka ɗauke wuta a Aboabo.
Baba ya fito da asuba kamar kullum,
makullan masallaci na kaɗawa a aljihu,
sai katakon kan kwata ya goce.
Ran nan unguwa ba ta ji kiran salla ba,
salatin Baba aka ji daga ƙasa,
gwiwa a kumbure, hula ta bi ruwa.

Shi ya sa na shiga Kejetiya
da sidi tamanin ƙulle a bakin gyale,
na ratsa masu atamfa, na ratsa masu kifi,
har teburin Opoku mai wushirya.
Ya zube mini su a faranti kamar soyayyar fara,
baƙa, ja, ruwan toka,
kowace ba ta kai ɗan yatsana ba.

Ya ɗauki wata ya ce, wannan rana ce,
daga nan za ta hasko miki Adum.
Na ce, ba Adum za shi ba,
taku arba'in ne da kwata ɗaya.
Ya ɗauki wata mai wuta kala biyar,
tana ƙyafta ido kamar motar asibiti.
Na ce, tsohona ladan ne, ba ɗan rawa ba.

Na lulluɓe kaina da gyale, na yi ɗan dare nawa
a tsakiyar kasuwa, rana tsaka,
ina kunna su ɗaya bayan ɗaya.
Wata ta kashe mini ido.
Wata ta ɗau zafi kafin in ƙirga ashirin.
Wata madanninta ƙwayar gero ne,
ni kuwa na san babban yatsan Baba,
sanyin ƙashi ya tanƙware shi tun bara,
da ƙyar yake jan carbi.

Can ƙasan faranti na ga wata marar ado,
madanni fal-fal, dannawa ɗaya ta kama,
dannawa ɗaya ta mutu, babu gardama.
Bakin cajinta irin na wayata ne.
Na ja zobenta da ƙarfi, bai buɗe ba.
Na sake ta a siminti, Opoku ya dafe kai,
ta tashi da ranta.
Na ce, ruwan Kumasi fa?
Ya fesa mata ruwan leda da bakinsa.

Ya ce ɗari. Na ce sittin.
Ya ce albarka, da Hausarsa ta Zango.
Muka rabu a saba'in,
goma ta ishe ni mota.

Baba ya juya ta a tafin hannu, ya taɓe baki.
Shekara talatin da shida, in ji shi,
ƙafata ta haddace hanyar nan,
sau ɗaya ta yi tuntuɓe a karatu.
Ban tanka ba.
Na saƙala ta tsakanin makullin ƙofa
da na ɗakin lasifika.

Opoku ya rantse caji ɗaya zai yi mako.
Kwana biyu ta mace.
Na ce an cuce ni, gobe zan koma.
Da asuba na leƙa ta taga.

Ga Baba ya riga ya haye a duhu, yadda ya saba,
ya tsaya a wancan ƙetaren
yana haska katako.
Memuna mai koko ta haye da tukunya a ka.
Isaka direba ya haye.
Yaran mai burodi su uku,
da wata akuya da ba a gayyata ba.
Sai da layi ya ƙare ya kashe,
ya lalubi kwaɗo da hannu.

Ban koma Kejetiya ba.
Yanzu duk dare, in da wuta,
wayata ce ke jira.
Makullan masallaci ke fara shan caji,
ɗigon ja na ci a kan tabarma
har ya koma kore.